Likita Mila Na Zariya Da Littafin Da Ya Juya Da Hausa

Cikin Turawan da suka shigo ƙasar nan tun da fari, tun ba a kafa Kaduna ba, tun jirgin ƙasa bai iso Kano ba, akwai wani wanda ba Razdan ba ne, ba Di'o ba, ba kuwa soja ko ɗan kasuwa ba, amma sunansa ya fi na Razdan da yawa daɗewa a bakin mutanen Zazzau. Shi ne Dokta Walter Miller, wanda Hausawa suka lanƙwasa sunansa yadda harshensu zai ɗauka, suka ce Likita Mila. Ya iso ƙasar Hausa cikin 1900 yana da shekara 28, ya mutu a Bukuru cikin 1952 yana da shekara 80.

Mun sani yawancin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, mutumin nan kuwa ya ƙare ransa ne wajen kiran mutane zuwa ga wani addini dabam. Ba mu kawo labarinsa don mu ƙarasa masa wa'azinsa ba, ba kuwa don mu kafa masa shari'a bayan ƙasa ta rufe shi ba. Mun kawo shi ne sabo da duk malamin makaranta ko akawu da ke rubuta Hausa da boko ya kamata ya san waɗanda suka fara aza harshen nan a kan takarda da baƙaƙen boko, da abin da ya sa su wannan wahala. Kuma a ofisoshinmu da makarantunmu muna zaune tare da mutanen da littafin Mila ne littafin Hausa na farko da suka riƙa a hannunsu. Wanda kuwa bai san abin da abokin aikinsa ya ke karantawa ba, bai gama saninsa ba.

An haifi Mila cikin 1872 a yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew na birnin Landan, wanda ya ke ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin Ingila. Da ya so ya zauna gida da ya sami abin rufin asiri, gama likita ba ya rasa aiki a ko'ina. Amma tun yana ɗalibi zuciyarsa ta riga ta karkata wajen aikin mishan, sai ya ba da kansa ga ƙungiyar C.M.S., watau ƙungiyar masu wa'azi ta majami'ar Ingila, wadda aka kafa cikin 1799.

Kafin mu bi shi kan hanya, sai mu ɗan tsaya mu bayyana abin da ya sa irin waɗannan mutane ba su iya zama sai sun juya littafinsu da harshen duk ƙasar da suka sauka, don abin ya bambanta da yadda muka saba. Mu a nan, Alƙur'ani da Larabci ya sauka, da Larabci a ke haddace shi, da shi a ke salla. In watan azumi ya zo malami ya yi tafsiri da Hausa, amma ba wanda zai kira tafsirin nan Alƙur'ani. Su kuwa Kirista, musamman ɓangaren da Mila ya fito, ba haka su ke ɗaukar nasu ba. Littafinsu tarin littattafai ne guda 66, 39 na Tsohon Alkawari waɗanda aka rubuta galibinsu da Ibrananci, 27 na Sabon Alkawari da harshen Girka. A wurinsu ma'ana ita ce abar nema, harshe kuwa riga ce, ana iya sāke ta. Sun ɗauka an rubuta littafin ne don mai karatu ya san labarin Annabi Isa, ya ba da gaskiya, sa'an nan ya faɗa wa wani. Yohanna, ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka rubuta Linjila, ya ma bayyana a wajen ƙarshen littafinsa cewa bai kawo duk abin da ya faru ba, ya zaɓi waɗansu ne don su jawo mai karatu ga bangaskiya. Shi ya sa su ke kiran littattafan nan huɗu Bishara, watau albishir. To, albishir kuwa in an yi wa mutum shi da harshen da ba ya ji, ai ba a yi masa kome ba. A kan wannan ra'ayi Martin Luther ya juya Sabon Alkawari da Jamusanci cikin 1522, a kansa aka kashe William Tyndale cikin 1536 bayan ya juya shi da Turanci, a kansa kuma aka kafa wata ƙungiya a Landan cikin 1804 wadda ba ta da aiki sai buga littafin nan da harsuna iri iri.

Ba Mila ya fara gwada abin da Hausa ba. Akwai wani Bajamushe, James Schön, wanda ya hau kogin Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Shi bai taɓa sa ƙafa a Kano ko Katsina ba, Hausarsa a bakin 'yantattun bayi ya tsince ta, daga baya kuma ya sami Dorugu, yaron nan da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai cikin 1855. Da taimakonsa Schön ya fitar da Bisharar Matiyu cikin 1857, ya bi da waɗansu littattafan. Ƙoƙari ne babba, amma Hausar wanda ya koya daga nesa dabam ta ke da ta wanda ya yi ciniki a kasuwar Kurmi. Sa'an nan ga Charles Robinson, wanda ya kai Kano a ƙarshen 1894 ya tattara kalmomin ƙamus. Duk waɗannan sun share fage ne, gonar tana nan ba a nome ta ba.

Da ya ke a lokacin ba Baturen da zai iya zama cikin birnin Hausa ya koyi harshe, sai aka aika da Mila da abokansa Tarabulus, a bakin bahar ta arewa, inda fatake da maniyyata Hausawa su ke yada zango. Can ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid, wanda ubansa ya rasu a hanyar Makka. Yaron nan ya zama malaminsa na Hausa, daga baya kuma ya zauna tare da shi a Zariya. Abin da Mila ya koya a wannan zama shi ya tattara ya yi ɗan littafin koyon Hausa don Turawa, aka buga cikin 1901.

A farkon 1900 suka tashi daga Ikko su biyar: Bishop Tugwell shi ne madugu, sai Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin, da Likita Mila. A ƙasa suka taho, da 'yan alaro, suka ratsa ƙasar Yarabawa har Jebba. A watan Janairu na shekaran nan ne Lugga ya karɓi mulki daga hannun Kamfanin Kwara, amma mulkin a takarda ya ke tukuna, gama Kano da Sakkwato da Katsina duk suna hannun sarakunansu. Lugga bai so su wuce inda sojansa za su iya kāre su ba, su kuwa suka wuce. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fuska. Da suka isa Kano sai labari ya sha bamban. Sarkin Kano Alu bai ga dalilin da baƙi za su shigo masa gari ba da izninsa ba, su ce sun zo su koyar da addini, a birnin da ya cika da malamai tun ɗaruruwan shekaru. Ya ba su kwanaki kaɗan su tattara nasu ya nasu su fita. In mun faɗi gaskiya, ba mu ga laifin Sarki a nan ba. Su kansu Turawan Gwamnati sun ga tafiyar nan ganganci ce.

Suka komo da baya suka sauka a Girku, kudu da Zariya. Girku kuwa ba ta yi wa 'yan mishan daɗi ba tun can, don a nan ne wani saurayi ɗan Kanada, Walter Gowans, ɗaya daga cikin ukun da suka fara mishan ɗin S.I.M., ya mutu cikin 1894. Ba a daɗe ba Dudley Ryder ya kwanta ya mutu, ciwo ya sa aka mai da Richardson gida, wuta kuma ta cinye musu masauki. Tafiya ta watse. Wani da ya ga haka sai ya ce ƙasar nan ba ta karɓe shi ba, ya nemi wata. Mila ya komo Girku, ya yi ta ba da magani yana jiran ƙofa ta buɗe, har cikin 1905 aka yardar masa ya zauna cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi.

Wannan izni ba ƙaramin abu ba ne, gama a watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari Gwamnati ba za ta shiga sha'anin addinin Musulunci ba. Daga alkawarin nan aka fitar da doka ta hana 'yan mishan zama a biranen sarakunan Musulmi sai da yardar Sarki. Zariya ta zama dabam, sabo da Mila ya riga dokar zama, kuma Lugga yana girmama shi don iya Hausarsa. Shekara fiye da ashirin gidan nan na cikin birni ya zama ƙaya a ƙafar Razdan bayan Razdan.

A gidan akwai ɗakin shan magani, akwai makaranta. Mila ya kai wa Lugga shawara a buɗe makarantu biyu, ɗaya ta malamai inda za su koyi rubuta Hausa da baƙaƙen boko da lissafi, ɗaya ta 'ya'yan sarakuna. Ta malamai ta fara cikin 1907, ta 'ya'yan sarakuna kuwa ba ta tabbata ba. Lugga ya bar ƙasar cikin 1906, Gwamna Girouard da ya gaje shi bai yarda a damƙa 'ya'yan sarakuna a hannun ɗan mishan ba, sarakunan ma ba su yarda ba, don sun san in ka ba mai wa'azi ɗanka, ba lissafi kaɗai zai koya masa ba. Mila kuwa bai taɓa ɓoye haka ba, wannan kam sai a ba shi. Sai Gwamnati ta ɗauko Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, inda ba a koyar da addinin Kirista. Abin dariya, shi ma Ɗan Hausa da ɗan mishan ya fara zuwa ƙasar nan, haka kuma Bargery mai babban ƙamus na 1934. Ashe rubutun bokon da mu ke yi da shi a ofis kullum ya bi ta hannun mutanen nan fiye da yadda da yawa daga cikinmu su ke zato.

Halin Mila ba mai sauƙi ba ne. Mutum ne mai zafin rai, wanda in ya ga abin da ya ɗauka zalunci ne ba ya iya haɗiyewa. Talakawa sun gane haka, suka riƙa kai masa kuka, shi kuwa ya riƙa rubuta takardu zuwa ga Gwamnati a kan fadawa da hakimai, har da Sarki kansa. Ƙiyayya ta shiga tsakaninsa da Aliyu ɗan Sidi, ta yi tsanani. Cikin 1920 aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja, can ya rasu cikin 1924, kuma ƙararrakin Mila suna cikin abubuwan da suka kai ga haka. Har yau ra'ayi biyu ne a kan wannan. Masu goyon Mila suna cewa ya tsaya wa marasa ƙarfi a lokacin da Turawan mulki suka rufe ido. Mutanen Zazzau da yawa kuwa suna tuna Aliyu a kan Sarki malami, mawaƙi mai hikima, wanda bai ƙasƙantar da kansa ga Bature ba, suna ganin baƙo ne ya shiga abin da ba a gayyace shi ba. Mu dai abin da muka lura shi ne, wanda ya zo neman zukatan mutane, ranar da aka ga hannunsa cikin tuɓe Sarkinsu, ya yi asarar zukata da yawa waɗanda magani da makaranta ba su iya komo masa da su ba.

Shekara da shekaru yana wa'azi, waɗanda suka bi shi cikin birni ba su wuce a ƙidaya da yatsu ba. Sai cikin 1913 wani abu ya faru wanda ya ɗauka amsar addu'arsa ce. Waɗansu mutane suka zo masa daga ƙauye, suka ce su Isawa ne. Asalinsu, a tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta bin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya kai ga ba shi matsayin da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka warwatsu zuwa wajen Ningi da iyakokin Kano da Zazzau da Bauci, suka riƙe abin da ya koya musu, 'ya'ya da jikoki, ba su da Linjila ko warƙa ɗaya, ba su taɓa ganin ɗan mishan ba. Da jikokin nan suka ji akwai wani a Zariya mai labarin Isa a rubuce, da Hausa kuma, sai suka zo su ji. A duk rayuwar Mila ba inda ra'ayinsa game da littafi ya sami shaida kamar nan: ga mutane masu ƙishirwar labari, ga labari da harshensu.

Aka ba su fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka taru suka kafa gari, da gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Wani baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, Thompson, ya zauna tare da su. Amma wurin da aka zaɓa akwai tsando a bakin rafi. Ciwon barci ya shiga garin, ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, likita yana gani ba shi da maganin da zai tsai da shi. Cikin 'yan shekaru garin ya mutu. Aka kwashe marayu da sauran waɗanda suka tsira aka kawo su Zariya, su ne suka cika makarantar Mila.

Daga baya Gwamnati da Sarki suka ga zaman mishan cikin ganuwa ya isa haka. Aka ba su fili a gindin dutsen Wusasa, yamma da birni, suka ƙaura cikin 1929, suka gina majami'a da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, aka sa mata sunan St. Bartholomew, ga asibiti ga makarantu. Matasan 'yan mishan irin su Guy Bullen sun yi na'am da ƙaurar. Mila bai so ba ko kaɗan, a ganinsa an kore shi ne daga inda ya sha wuya ya samu. Bai bi su ba. Ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara 29 da suka wuce, ya duƙufa ga aikin da ya daɗe yana yi a hankali tun zuwansa, watau ƙarasa juya littafin duka.

A nan mu ke so malaman makaranta su tsaya su duba, don duk wanda ya taɓa juya ko da takardar sanarwa ta En'e daga Turanci ya san abin ba wasa ba ne. Ta wata fuska Hausa ta sauƙaƙa masa aiki. Ƙasar da labarun nan suka faru ta fi kama da tamu bisa ga Ingila: ga makiyayi da garkensa, ga mata a bakin rijiya, ga raƙuma da jakuna, ga fara mai cinye amfanin gona, ga kutare a ƙofar gari, ga mai shuka da mai girbi, ga masu karɓar haraji waɗanda talakawa ba su so. Yaron Landan sai an bayyana masa waɗannan, yaron Giwa ko Birnin Gwari kuwa da su ya tashi. Sunayen annabawa ma duk Hausa tana da su tun da daɗewa, Adamu, Nuhu, Ibrahim, Yusufu, Musa, Dawuda, Sulemanu, haka Attaura da Zabura da Linjila, da kalmomi kamar zunubi, tuba, mala'ika, annabci, ƙiyama.

Amma sauƙin nan shi ne kuma wuyar. Kalmomin ta hanyar Musulunci suka shigo Hausa, kowace tana ɗauke da ma'anar da malamai suka ɗora mata. In mai fassara ya ɗauke su kamar yadda su ke, mai karatu zai ji abin da ya saba ji, ba abin da littafin ya ke nufi ba. In ya guje su ya ƙirƙiro nasa, Hausar ta zama baƙuwa, ba wanda zai ji daɗinta. Sunan Allah an bar shi yadda ya ke, har yau Kirista mai jin Hausa Allah ya ke cewa. Amma sunan wanda littafin ya ke ba da labarinsa, Isa za a ce yadda kowa ya sani, ko Yesu, wanda ya fi kusa da na harshen Girka? A ƙarshe Yesu ya zauna a bakin masu bi. Inda Musulmi zai ce imani, su suka riƙe bangaskiya, kalmar Hausa tsantsa. Alheri, wanda mu ke faɗa ga kyauta ko kirki, suka ɗora masa ma'anar jinƙan Allah wanda bawa bai yi aikin kome ya same shi ba. Akwai kuma maganganun da ba dabarar harshe da za ta sassauta su a kunnen Musulmi, kamar kiran Annabi Isa ɗan Allah, gama a nan saɓanin na aƙida ne, ba na fassara ba. Mila bai yi aikin shi kaɗai ba: akwai Hausawan da suka zauna da shi suna gyara masa magana, akwai kuma 'yan mishan na S.I.M. da S.U.M. da a ke shawara da su, tun da su ma littafin za su yi aiki da shi. Amma nauyin a wuyansa ya ke. Cikin 1932 ƙungiyar nan ta Landan ta buga shi cikakke da boko, da sunan Littafi Mai Tsarki.

To, ga abin mamakin. Mila ya yi wahalar nan ne don malaman Kano da Zariya da Katsina, yana sa rai in suka karanta da harshensu za su bi. Ba su bi ba. Malaman da ya ke nufi da ajami da Larabci su ke karatu, kuma suna da littafinsu wanda ba su neman wani a bayansa. Waɗanda suka rungumi littafin sai mutanen da Hausa ba harshen iyayensu ba ce: mutanen kudancin Zariya, da na duwatsun Filato, da Tangale, da Bacama, da Gwari, sai kuma Maguzawa. Ƙasashen nan harsuna sun yi yawa, wani ƙauye ba ya jin na maƙwabcinsa, 'yan mishan kuwa ba su da ƙarfin juya littafin da kowane harshe. Hausa ita ce harshen kasuwa, sai ta zama harshen majami'a. A makarantun koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa aka horar da masu wa'azi, aka aika da su ƙauyuka, kowa da littafinsa cikin jaka, da shi ya ke koya wa manya da yara a, ba, ca. Mutane dubbai da littafin nan suka fara karatu, don a majami'u da yawa ana so mai neman baftisma ya iya karanta wa kansa. Ta haka mutumin da ya zo ya sāke wa Hausawa addini ya ƙare da yaɗa harshen Hausawa zuwa inda fatake da sarakuna ba su kai shi ba. Ba mu tsammanin wannan ya nufa, amma Hausa ta ci riba.

Fassarar ta yi aiki kusan shekara hamsin. An riƙa kuka da cewa Hausarta ta yi zurfi ga waɗanda suka koyi harshen a kasuwa, sai aka shiga gyara. Bargery ma, da tsufansa, ya komo Kano cikin shekarun 1950 ya sa hannu. Sabuwar fassara ta fito wajen 1980.

Ita kuwa 'yar ƙaramar jama'ar da ya bari a Wusasa, abin da ta haifar ya fi ƙarfin yawanta. Daga nan Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya kuma shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta. Daga zuriyar Isawan nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East, ɗan Wusasa ne. A can kuma Yakubu Gowon ya girma, ɗan wani mai wa'azi Ba'angashe, ya zama shugaban Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Mila ya ajiye aikin C.M.S. cikin 1935 ya koma Ingila, ya rubuta littafin tunawa da abin da ya gani, aka buga cikin 1936. Amma Ingila ta zama masa baƙuwar ƙasa. Cikin 1939 ya sāke komowa, ba a ƙarƙashin kowa ba. Tsufa bai rage masa kaifin alƙalami ba. Cikin 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Ingilishi sun kāsa a Nijeriya, inda ya soki yadda a ke mulki ta hannun sarakuna, ya ce an bar talaka a baya, an kuma hana Arewa ilmin zamani da gangan. Turawan mulki ba su ji daɗinsa ba. Waɗansu samarin Arewa 'yan boko kuwa, Musulmi, waɗanda ba ruwansu da wa'azinsa, sun ga ya faɗi abin da ke ransu, a daidai lokacin da su ma suka fara taruwa suna maganar gyara. Ƙarshen ransa a kan tudun Filato ya yi shi, cikin mutanen da ke karanta fassararsa kowace Lahadi, nesa da birnin da ya yi shekara 24 yana ƙwanƙwasa ƙofarsa. A Bukuru ajali ya same shi, cikin watan Agusta na 1952.